Kwana Uku a Santasi

Mu tara ne a kan benci, a Santasi,
kowa da farar rigar da ya goge tun jiya.
Ruwan Yuni na dukan kwanon rufi.
Ni daga Suwame na zo,
baƙin mai bai gama barin ƙarƙashin farcena ba,
sai na dunƙule hannu, kamar mai addu'a.

Na zaci Latin za a tambaye mu,
ko sunayen manzanni, ko littafin Ayuba.
Sai ga Sista Afrakoma da fensir da tulin takardu,
ta ce babu ci, babu faɗuwa.
Duk wanda ya taɓa zama ɗan koyo
ya san abin da ake nufi da wannan magana.

Tambaya ɗari biyar da 'yan kai.
Kana barci sosai? I ko a'a.
Ka taɓa jin murya babu mai magana?
Na daɗe a kan wannan.
To, in ban ji murya ba,
me ya raba ni da sifana da gareji
ya zaunar da ni a nan?
Na sa a'a. Na goge. Na sake sa a'a.

Kashegari ta ce in zana gida, da itace, da mutum.
Gidanmu na Aboabo na zana, har da kwatar bakin ƙofa,
da tukunyar kokon Inna.
Mutumin kuma ya fito ba hannuwa.
Na ce fensir ne ya gaji.
Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma rubuta komai ba.

Rana ta uku babu takarda.
Kujera biyu, agogo, kofin ruwa.
Ta tambayi kuɗi, da fushi, da mata.
Na faɗi sunan Ayishetu mai wake da shinkafa,
kunyar bai kai yadda na zata ba.
Ta ce, Silbanus, wa kake wa aiki in ka durƙusa?
Na ce Allah.
Ta ce, sai kuma wa?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na ce mata ni na kafa jak ɗin.
Ni, ba Masta Sumaila ba, kamar yadda unguwa ta ɗauka.
Bayuo na ƙarƙashin motar Tamale,
yana yi mini tsiya kan ƙwallo,
ƙasa ta jiƙa, na ga dutsen ya ɗan karkata,
na ce bari in gama sha ruwa.
Shekara shida ke nan.
Na faɗa wa Fada Atinga ta bayan labule, an yafe mini,
amma ban taɓa faɗa wa mai fuska ba.

Ta bar agogo ya yi tafiyarsa.
Can ta ce, bagade ba kantin biyan bashi ba ne.
Na ji haushinta,
irin haushin mai mota
in ka nuna masa inda mai ke zuba.

Wasiƙa ta zo bayan mako biyar, da hatimin ofishin kira.
Ba i ba, ba a'a ba.
Ka dakata shekara guda,
ka riƙa zuwa wurin Sista duk Talata ta biyu.
Daga cikin mu tara, shida sun ɗaure akwati.
Ban san labarin sauran biyun ba.

Yanzu ina Suwame.
Da asuba ina hawa tudun majami'a,
da hantsi ina ƙarƙashin mota.
Kafin in shiga nakan duba jak sau uku,
Masta Sumaila na kallona, ba ya cewa komai.
Talatar da ta wuce na sake zana mutumin.
Hannu ɗaya ya fito,
babba ƙwarai, bai yi kama da na kowa ba.
Inna ce ban faɗa wa ba tukuna.